Baccin uwa mai zaman gida: ki fara lissafi daga asuba ki dawo baya

'Yar uwa mai zaman gida da yara, ko a Aboabo kike ko Asawase ko Sawaba ko Tafo Zongo a nan Kumasi, dake nake wannan maganar. Ke ce farkon tashi a gidan nan, ke ce ƙarshen kwanciya, amma ranar da kika ce kin gaji sai wani ya kalle ki yace toh aikin me kika yi, ba a gida kike wuni ba? Wallahi maganar nan tana min ciwo, domin wadda ke fita kasuwar Kejetia ko ofis akwai lokacin da take rufewa tace na tashi, ke kuwa naki aikin baya da lokacin tashi, yana nan cikin ɗakin da kike kwana, yana iya tada ke ƙarfe 2 na dare da kuka ko fitsarin kwance ko zazzaɓi. Shi yasa baccinki ya koma ɗan abin da ya rage bayan kowa ya gama da ke. Abin da nake so mu juya kenan, a fara ware masa lokacinsa tukuna, sauran aiki ya nemi wuri a gefe.

Babban mutum yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a dare, kuma masana bacci sun tsaya a kan kar ya gaza 7. Haihuwa bata rage wannan lissafin ba. Zaki ji mace tace ai ni na saba, awa 4 ma ya ishe ni, gaskiya ba sabawa tayi ba, ta dai manta yadda jikinta yake in ya huta ne. Alamun suna nan a fili, saurin hawa kan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, ki ɗora miya ki rasa ko kin sa gishiri ko baki sa ba, ciwon kai da rana, kwaɗayin zaƙi da la'asar, gyangyaɗi a kan sallaya. In abin ya ɗauki shekaru kuma yana da hannu a hawan jini da ciwon suga da ƙiba da damuwa mai tsanani, cututtukan da muke gani kullum a wurin iyayenmu mata muna cewa tsufa ne.

Ki kuma san cewa bacci zagaye zagaye yake tafiya, kowane zagaye kusan minti 90, mai nauyin da jiki ke gyara kansa a ciki yafi yawa a farkon dare, na mafarki yafi yawa can wajen asuba. Saboda haka awa 6 da aka datsa gida biyar bata kai awa 6 a jere ba, kamar wake ne a kan wuta, in kina saukewa kina mayarwa komai daɗewarsa bazai nuna yadda kike so ba. Abu biyu muke nema kenan, yawan awanni da kuma su zo a haɗe.

Mataki na farko, ki ƙirga kafin ki gyara komai

Ki samu takarda ko bayan tsohon littafin yaro, kwana 7 kina rubuta abu huɗu duk safiya: ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa na tashi, sau nawa na farka kuma me ya tada ni, me na sha ko na tauna bayan azahar. Kar ki canza komai a satin nan, kallo kawai. Dalili shine kowa da abin da ke cin baccinta, wata jariri ne, wata waya ce, wata sauro da zafi, wata jiran famfo ne da yake zuwa da tsakar dare, wata jiran mai gida ya dawo ta ɗumama masa tuwo. In baki san naki ba zaki ta gyara inda bai lalace ba. Kuma ki ajiye takardar, zata miki amfani a gaba har sau biyu.

Na biyu, kuma shine gindin komai, lissafi daga asuba

Mu nan Kumasi dare da rana kusan daidai suke duk shekara, rana na fitowa wajen 6 tana faɗuwa wajen 6, kiran asuba kuma yana yawo ne tsakanin 4:30 da 5 da 'yan mintuna, isha'i wajen 7 da wani abu. Kinga lokacin tashinki baya motsi, sallah ce ta kafa shi, ga ruwan wankan yara ga koko ga shirin makaranta. Abin da ke hannunki shine lokacin kwanciya kaɗai. In kina tashi 4:30, ki cire awa 7, ya zama 9:30 ya kamata ace bacci ya riga ya ɗauke ki, ki ƙara minti 15 zuwa 20 na juye juye kafin ya zo, toh 9:15 kina kan katifa fitila a kashe. Na san wata tana karantawa tana cewa tab, ni da 9 ma ban gama wanke-wanke ba. Na sani, shi yasa sauran matakan duk aikinsu ɗaya ne, su share miki hanya tsakanin sallar isha'i da 9:15 ɗin nan.

Kar ki yi tsalle ɗaya. In yanzu sha biyu kike kwanciya, kika ce yau sai 9, zaki kwanta ne ido biyu kina jin haushin kanki. Ki riƙa jawowa minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu ko uku, cikin sati uku zuwa huɗu kin iso. Lokacin tashi kuma ki riƙe shi ɗaya har Asabar da Lahadi, kuma da gari ya waye ki fita tsakar gida hasken rana ya taɓa ki ko da kina shara ne ko shanya, hasken safe shi ke saita agogon jiki, shi zai sa bacci ya zo miki da wuri da daddare.

'Yan uwa masu sana'ar gida, mai waakye (shinkafa da wake) da mai koko da ƙosai da ke tashi ƙarfe 3, ku naku lissafin daban ne, awa 7 a dare yana nufin kwanciya ƙarfe 8, wanda da wuya ya yiwu. Ku nemi 9 ɗin dai da gaske, awa 6 kenan, sannan ku cike awa guda da rana bayan an sauke tukunya an sallami masu saye, kuma ku ɗauki wannan awar a matsayin wani ɓangare na sana'ar, ba a aiken kowa a cikinta.

Na uku, kwashe aiki daga dare

Ki zauna ki lissafa duk abin da kike yi daga magariba zuwa kwanciya, sannan kowanne ki tambayi kanki, dole sai da dare? Tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka ana iya gamawa kafin magariba a zuba a kula, a ci da an idar da sallah. Jajjage da gyaran ganye a yi da hantsi. Gugar yunifom a haɗa ta sati guda ranar Lahadi lokacin da wuta take nan, tunda ba a san sa'ar da dumsor, wato ɗauke wuta, zai faɗo ba. Aikin makarantar yara a yi shi da la'asar ko da sun dawo daga makarantar allo, ba ƙarfe 9 ana kuka ana neman fensir ba. Takalma, safa, jaka, kuɗin tara, duk a jera su kafin isha'i. In famfonku na dare ne, a yi karɓa-karɓa da manyan yara ko maƙwabta, yau wannan ya tare galan gobe wancan, kar ya zama ke kaɗai ce mai gadin ruwa kullum.

Sannan ki sa wa kicin lokacin rufewa, misali 8:30, kowa ya sani. Wanda ya dawo bayan nan abincinsa na kula, ruwan zafinsa na fulas. Kwanon da ya kwana a jiƙe an rufe shi saboda ɓera da kyankyaso ba zunubi bane, da safe minti goma ya ishe shi. Na san a gidan haya ido yana da yawa, akwai mai cewa wance ƙazama ce, amma mai faɗar nan bata zo ta riƙe miki yaro ranar da ciwon kai ya kwantar da ke.

Na huɗu, sai yara sun kwanta zaki kwanta

Yaranmu da yawa basa samun nasu baccin suma. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta fitar da awannin ƙananan yara: jariri zuwa wata 3 awa 14 zuwa 17 a dare da rana, wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, shekara 3 zuwa 4 awa 10 zuwa 13. 'Yan firamare kuma likitocin yara suna cewa awa 9 zuwa 12. Yaron da zaki tada 5:30 ya kamata 8 tayi masa yana kwance, ba yana guje guje a lungu ba. Ki yi musu tsari ɗaya da baya canzawa, abinci, wanka, fitsari, addu'ar bacci tare, a kashe fitila. Satin farko za a yi rigima, a na biyu jikinsu ya fara kamawa da kansa.

In ciki da falo ne ko ɗaki ɗaya, talabijin ce babbar matsala, ba yaron da zai yi bacci ana fim ɗin Indiya da aka juya zuwa harshen Twi a gefen kansa. A kashe 8, ko mai son kallo ya koma waya da abin kunne a waje. Mai fitsarin kwance a rage masa ruwa da sobolo (zoɓo) bayan magariba, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zani, ki ajiye wani zanin da wando kusa da hannu yadda in ya faru minti biyu kin canza kin koma ba tare da kunna fitila ba. Kar a dake shi, ba da gangan yake ba, duka ma ƙara abin yake.

Na biyar, goro da shayi

Goron nan da ya kawo kakanninmu ƙasar Asante yana ɗauke da caffeine, sinadarin hana bacci da ke cikin Nescafé da Lipton da ataya da Coke da lemukan ƙara kuzari. Bayan awa 5 zuwa 6 da shansa kusan rabinsa na nan yana yawo a jini, kinga goron da kika ɓara da la'asar a gidan suna yana tare dake har kan katifa, ko ya bari kika yi bacci bazai bari yayi nauyi ba. Ki tsayar da su daga azahar. Da dare in kina son abu mai ɗumi ki sha ruwan citta mara yawa ko madara. Wani abin kuma, shayi tare da abinci yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, mu kuma mata masu haihuwa da shayarwa dama jinin ne ke mana ƙaranci, ki raba su da awa guda ko fiye. Abincin dare mai nauyi da yaji ki ba shi awa 2 zuwa 3 kafin ki kwanta saboda ƙwannafi, ruwa kuma ki sha da yawa da rana ki rage bayan isha'i don kar fitsari ya riƙa tada ke.

Na shida, waya

Bazan zage ki a kan wannan ba, domin na san dalilin. Bayan kowa yayi bacci shine kaɗai lokacin da ba mai kiran Mma, sai kiji kina son ki ɗan zauna da kanki, ki leƙa gurup ɗin yayin biki, ki saurari saƙon murya, ki kalli TikTok, kafin ki ankara ɗaya ta wuce. Haƙƙinki ne ki samu lokacin kanki, amma kar ki siya shi da bacci. Ki mayar da shi rana, ki ware minti 30 bayan yara sun tafi makaranta ko bayan la'asar. Da dare ki sa wayar caji nesa da katifa inda sai kin miƙe zaki ɗauka, ki kashe data, ki bar ƙararrawar asuba da kira kawai. Haskenta yana jinkirta sinadarin bacci da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu yayi, amma abin da yafi hasken illa shine abin da kike gani, rigimar gurup ko labarin rasuwa ko kayan da wata ta saka baki da kuɗinsu, zuciya bata kwanciya da waɗannan. Hadisi ya tabbata cewa Annabi (SAW) baya son hira bayan isha'i, hirar waya ma hira ce.

Na bakwai, ɗakin kansa

Zafi, sauro, ƙara, haske. Watan Fabrairu zuwa Afrilu ɗakin kwano yakan riƙe zafi har tsakar dare, ki buɗe taga da ƙofa da yamma iska ta ratsa kafin sauro ya fito, ki watsa ruwa kafin ki kwanta, ki sa kaya marasa nauyi na auduga, in da hali a tara a sayi fanka mai caji saboda daren da aka ɗauke wuta. Kurfoti da gawayi kar su kwana a ɗaki ko da hunturu ne, hayaƙinsu na kisa ba a ji ba a gani. Gidan sauro mai magani ana bayarwa kyauta a wurin awon ciki da awon yara, dan Allah a rataya shi a daina ajiyewa a akwati, sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga saboda ƙaiƙayi, kuma yafi maganin sauro na kunnawa da ke cika ƙirjin yara da hayaƙi. Labule mai kauri saboda fitilar tsakar gida. Ƙarar sifika ta biki ko makokin ranar Asabar ko janareton maƙwabci ba yadda zaki yi da su, sautin fanka yana ɗan rufe su, auduga a kunne ma na taimakawa in ba jariri kike saurare ba.

Na takwas, ƙailula

Hutun tsakar rana ba lalaci bane. A Suratun Nur aya ta 58 an ambaci lokuta uku da yara zasu nemi izini kafin su shigo, ɗaya daga ciki shine lokacin da ake tuɓe kaya da azahar don hutawa. Minti 20 zuwa 30 ya isa, bayan sallar azahar kuma kafin ƙarfe 3, in ya wuce haka zaki tashi jiki a mace kuma ya ci na dare, sai dai in daren ne ya gajarta sosai, nan kina iya yin zagaye guda cikakke na minti 90. Ki haɗa shi da baccin ƙaramin yaronki, ya kwanta ki kwanta, wanki ya jira. Amma kafin ki rufe ido ki duba, bokiti da baho mai ruwa a rufe ko a zubar domin ɗan rarrafe yana iya nutsewa a ruwa kaɗan, wuta a kashe, magani da kananzir a sama, ƙofa a rufe. In kina da maƙwabciyar da kika yarda da ita ku yi musaya, yau ta riƙe naki minti 40 gobe ki riƙe nata, amfanin gidan haya kenan da bamu cika mora ba.

Na tara, maganar mai gida

Duk abin da na lissafa rabinsa baya yiwuwa sai da shi. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba tsakiyar faɗa ba, ki ɗauko takardar nan ta sati guda ki nuna masa, kice Baban wane dubi awannin da nake samu, ina tsoron lafiyata, ga abin da nake roƙo. Kuma ki roƙi abu takamaimai, kar kice ka riƙa taimaka min kawai, kice ka kwantar da manyan yaran bayan isha'i, ko ka riƙe jaririn daga dawowa masallacin asuba zuwa 6 ranar da baka fita da wuri, ko ka yarda abincinka ya jira ka a kula. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi (SAW) yake yi a gida cewa tayi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah yayi ya fita. Ku maza da kuke karantawa, matar da bata yi bacci ba ita ce ke riƙe da jaririnku kusa da tafasasshen ruwa, ku duba wannan da kyau. In gidan kishiyoyi ne kuma, daren da ba ke ce da girki ba ki ɗauke shi daren biyan bacci, ki kwanta da wuri abinki.

Mai ciki da mai jego

Mai ciki daga wata na bakwai ki riƙa kwanciya ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi, ki ɗan ɗaga kai in ƙwannafi na damunki. Mai jego kuma, ki cire ran samun awa 7 a jere a watannin farko, jariri baya bambance dare da rana sai wajen wata 2 zuwa 3, kuma cikinsa ƙarami ne dole ya farka ya sha. Abin nema anan shine guntu ɗaya mai tsawo, awa 4 ko kusa da haka ba a tada ki ba, sauran ki tsinta da rana. Ki ba shi nono ya ƙoshi wajen 8 ki miƙa wa kakarsa ko ƙanwarki ko babansa ki kwanta nan take, in ya farka a yi masa jijjiga da canjin kunzugu, sai yunwa ta gaske a kawo miki shi ko a ba shi wanda kika tatsa a kofi mai tsabta, nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki in an rufe. Kar a ba shi ruwa ko koko wai don yayi nauyin bacci, wata 6 na farko nono zalla ne. Da dare kar a kunna fitila mai haske kar a yi masa wasa, da rana a fito da shi haske, haka zai koyi bambancin. A kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi ba tarin zannuwa a kusa da fuskarsa, kuma kar ki shayar a kan kujerar falo in bacci na fizgarki, nan yafi ko'ina haɗari.

Al'adarmu ta wankan jego tana da kyau wajen nan, kwana arba'in akwai mai dafa miki akwai mai karɓar yaro. Matsalar ita ce ranar da aka yi arba'in kowa ya watse, alhali yaron bai daina tashin dare ba. Tun kafin ranar ki tsara wanda zai riƙa zuwa ko sau biyu a sati. Masu zuwa barka kuma in kina bacci a ce musu tana bacci, mai ƙaunarki bazata ji haushi ba.

In kin kwanta bacci ya ƙi zuwa

Yawanci tunani ne, kuɗin makaranta, kuɗin haya, adashi, maganar da uwar miji ta faɗa. Kafin ki kwanta ki rubuta abin da zaki yi gobe a takarda don kar ki kwana kina riƙe da shi a ka. Ki yi alwala, ki karanta addu'o'inki. Lokacin da Nana Faɗima ta koka da wahalar niƙa ta nemi mai aiki, mahaifinta (SAW) ya koya mata ita da Sayyidina Ali tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 34 idan sun zo kwanciya, ki yi su a hankali kina sauke numfashi a tsakani. In kin kai kamar minti 20 ido biyu, kar ki ta juyi kina duba agogo, ki tashi ki zauna a duhu duhu kina zikiri har ki ji ya fara fizgarki sannan ki koma. Mai son tsayuwar dare kuma ta kwanta da wuri ta tashi kafin asuba da minti 20 ko 30, hadisi ma yace wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya kwanta har baccin ya sake shi. Da azumi ki haɗa sahur tun da yamma, ki kwanta da an dawo tarawihi, ki tsawaita ƙailula.

Maganin bacci daga kemis ba tare da likita ba, a'a. Diazepam da ire-irensa jiki na sabawa da su har ki kasa bacci sai da su, suna shiga nono, kuma suna sa ki yi nauyin da bazaki ji jariri a gefenki ba. Ba wa yaro Piriton ko maganin tari don yayi shiru haɗari ne na gaske, dan Allah a daina.

Akwai kuma inda gyaran gida baya kaiwa, sai asibiti. In rashin baccin ya kai dare 3 a sati har wata 3. In ana ce miki kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, kina tashi da ciwon kai da bushewar baki. In ƙafafunki na miki wani yam yam da dare sai kin motsa su, wannan sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, a auna jininki, a gida kuma ki yawaita kontomire (ganyen gwaza) da alayyafo da zogale da wake da kifi. In kina bacci isasshe amma gajiya bata tafiya, ga jiri ga bugun zuciya, a duba jini da maleriya da maƙoƙo. In fitsarin dare yayi yawa ga ƙishirwa, a auna suga. Na ƙarshen nan kuma ki riƙe shi da kyau, in bayan haihuwa yaro na bacci ke kin kasa, kuka na zuwa miki ba dalili, komai ya fita ranki, har ya wuce sati 2, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani, ba raunin imani bane, ki yi addu'a ki kuma je a duba ki. In har tunanin cutar da kanki ko yaron ya zo miki, ranar zaki je, ki tafi da wani naki.

Ba sai kin fara da babban asibitin Komfo Anokye ba, asibitin Manhyia ko ƙaramin asibitin unguwarku ya isa, su zasu tura ki gaba in da buƙata. Ki duba katin NHIS ɗinki na inshorar lafiya bai mutu ba, ana sabunta shi ta waya da *929#. Ranar awon yaro ma dama ce, bayan an ɗora shi a sikeli kar ki tashi, kice wa nas ɗin ni ma ina da magana, ki miƙa mata takardar nan ta kwana 7, ki faɗa mata tun yaushe abin ya fara da duk maganin da kike sha har na gargajiya.